Koyon Gyaran Injinan Masana'antu: Ta Ina Ake Shiga, Me Ake Fara Koya

A kowace masana'anta mutum biyu ne ke hulɗa da inji: mai aiki da shi da mai kula da lafiyarsa. Na farko cikin 'yan makonni ake nuna masa inda zai danna da inda zai zuba kaya. Na biyu kuwa sai ya ci shekaru kafin a sakar masa inji shi kaɗai. Ranar da injin ya tsaya, leburori su zauna, manyan motocin da suka zo lodi su yi layi a bakin ƙofa, janareta na ta shan gas a banza, duk idon kamfani yana kan wannan mutum na biyu. Shi ya sa ko da ana rage ma'aikata, gwanin gyara yana cikin waɗanda ake jinkirin sallama.

Wasu za su ce ai masana'antun Arewa sun mutu. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare. Masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda suka faro da Kaduna Textiles a 1957, yawancinsu sun rufe, kuma a Kano Bompai ta yau ba Bompai ta da ba ce. Amma har gobe ana narka roba a Sharaɗa, ana jima a Challawa, ana siminti a Ashaka da Kalambaina da Obajana, ana sukari a Numan. Injinan casar shinkafa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa. A Nijar akwai simintin Malbaza da matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011. Ƙara da masu ruwan leda, da gidajen burodi, da masu matsar man gyaɗa da waken suya, da asibitoci da otal-otal masu manyan janareta. Duk inda ƙarfe ke juyawa, wata rana zai nemi mai gyara.

Ƙofofin shiga sana'ar uku ne, kuma kowace da nata rauni.

Yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare zai iya shiga kwalejin fasaha ta gwamnati, ya yi shekara uku, ya zana jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992, ya fito da shaidar NTC. Fannonin da suka fi kusa da wannan aiki su ne na sarrafa ƙarfe da haɗa inji, da na haɗa wutar lantarki da gyaranta, da na walda da ƙira. Wanda ya gama babbar sakandare da sakamako mai kyau a lissafi da kimiyyar fiziks zai bi ta JAMB ya shiga kwalejin kimiyya da fasaha, irin Kaduna Polytechnic ko ta jihar Kano, ya yi difloma ta ND shekara biyu a fannin injiniyan inji ko na lantarki, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, in ya so ya koma ya yi HND. Kafin ka biya ko kwabo, bincika ko hukumar NBTE da ke Kaduna ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar. Mutane da dama sun yi shekara biyu suna karatu, suka fito da takardar da babu ma'aikatar da ke karɓa. Ƙofa ta uku ita ce ta gargajiya: a kai ka wajen maigida, a shagon naɗin koyil ko na tankin ƙarfe ko wajen masu ƙera injin niƙa irin na kasuwar Panteka a Kaduna, ka yi ta share shago da miƙa sifana har hannunka ya faɗa.

Raunin makaranta shi ne sau da yawa injinan koyarwa sun tsufa ko babu wuta, sai ɗalibi ya haddace sunan abin da bai taɓa riƙewa ba. Raunin shago shi ne yaro zai iya kwance inji ya mayar da shi tsaf, amma in ka shimfiɗa masa zanen injin a takarda sai ya yi tsuru-tsuru, kuma babban kamfani ba ya ɗaukar mutum sai da shaida. Shawarata ita ce kada ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya. In kana makaranta, nemi shagon da za ka riƙa zuwa ranar Asabar da lokacin hutu, ko da ba a ba ka sisi. In kana shago, nemi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ake hawa daga mataki na 3 zuwa na 2 zuwa na 1, ko ka zana NABTEB a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarta ke Jos, tana da cibiyar koyar da sana'o'in masana'antu a Kano, kuma ita ke kula da shirin SIWES da ke tura ɗalibai ma'aikatu. Abin takaici ne yadda wasu ke kai littafin SIWES a sa musu hannu suna gida kwance. Waɗannan 'yan watannin su ne karo na farko da ɗalibi zai tsaya gaban inji na gaske, kuma sau da yawa a nan ne wani babba zai riƙe sunanka.

To, me ake fara koya? Awo. Kafin walda, kafin lantarki, awo. Koyi karanta baniya, wadda ke auna har kashi 0.02 na milimita, da maikuromita mai auna 0.01. San cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne, domin injinan da ke ƙasar nan wasu daga Turai suke, wasu daga Amurka, wasu daga Sin da Indiya. Sifana mai lamba 13 da sifana mai rabin inci kusan girmansu ɗaya a ido, amma rabin inci milimita 12.7 ne, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya sa a dadashe kan noti har ya ƙi kamuwa. Bayan awo sai karanta zane: na sassan inji da na hanyar wuta. Turancin da ake buƙata a nan ba mai yawa ba ne, amma dole ne, tun da littafin da ke zuwa da inji ba da Hausa ake rubuta shi ba.

Daga nan sai boris, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a kansa ake gane wanda ya koyi aiki da wanda ya kwaikwaya kawai. Lambar da ke jikin boris bayani ne. Ɗauki 6205. A irin waɗannan, daga 04 zuwa sama, lambobi biyu na ƙarshe in ka ninka su sau biyar za su ba ka faɗin ramin ciki: 05 sau 5, milimita 25 ke nan. Saboda haka 6204 na shaf mai milimita 20 ne. Wanda ya san haka ba zai yi ta zirga-zirga kasuwa da tsohon boris a leda ba.

Wajen saka sabo ne ake kashe boris da yawa tun kafin ya fara aiki. Za ka ga mutum ya ɗora shi a kan shaf, ya ɗauki guduma yana dukan zoben waje. Kowane duka yana bi ta cikin ƙwallayen, yana barin ɗan tabo a hanyar da suke bi, tabon da ido ba ya gani sai bayan wata biyu injin ya fara gurnani. Yadda ake yi shi ne: a goge shaf tas, a auna shi a tabbatar bai cinye ba, a shafa ɗan mai. In boris ɗin ƙarami ne, a sami guntun bututu mai tsabta wanda zai zauna a kan zoben ciki kaɗai, a tura shi ta nan a hankali. In babba ne, a ɗumama shi a cikin mai ko da na'urar ɗumama boris zuwa kimanin digiri 110, kada ya wuce 120, ya buɗe ya shige da kansa. Ba a kai masa harshen wuta kai tsaye. Sai giris. Mutanenmu suna da son cika giris maƙil, a ganinsu alheri suke wa injin. Giris in ya yi yawa, ƙwallaye sai su yi ta dama shi, zafi ya tashi, ya narke ya tsiyaye. Kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin gurbin ya wadatar a yawancin injina. Kada kuma a gauraya giris iri biyu ba tare da sanin sun dace ba, kuma a rufe gwangwanin bayan an ɗiba, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Girisin da ƙura ta shiga gurzar ƙarfe yake yi. A kula da jabun boris ma, suna yawo a kasuwa cikin kwalaye masu sunayen manyan kamfanoni. In farashi ya yi arha fiye da hankali, to da walakin.

In boris ya lalace sau biyu a wuri guda cikin ɗan lokaci, daina zargin boris ɗin. Duba ko moto da abin da yake juyawa suna kan layi ɗaya. Duba ko bel ya yi tauri da yawa yana jan shaf gefe guda. Duba ko ƙafa ɗaya ta moto ba ta zauna daidai a kan gindinta ba. Wannan shi ne zuciyar sana'ar baki ɗaya. Canza kaya kowa zai iya, in dai akwai kuɗin saye. Abin da ake biyan ka dominsa shi ne ka gano dalilin da ya sa kayan ya lalace, ka kashe dalilin.

Haka abin yake a lantarki, kuma ina ganin kuskure ne babba bakaniken masana'anta ya ce shi ba ruwansa da wuta. Kusan kowane inji moto ne ke juya shi. Wutar masana'anta a Najeriya da Nijar layi uku ce, kimanin bolt 400 tsakanin layi da layi, 230 tsakanin layi da nutural, tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Koyi karanta farantin da ke manne a jikin moto: ƙarfinsa, amfiya nawa yake ja, juyi nawa yake yi a minti. In ka ga 1450 ko kusa da haka, ka san mai ƙafar maganaɗisu huɗu ne. In ka ga kusan 2900, mai ƙafa biyu ne. San cewa in ka sauya kowane layi biyu cikin ukun, moto zai juya baya, don haka bayan kowane haɗi sai an ɗan taɓa makunni an ga ina ya dosa kafin a sake shi. Famfon ruwa da ke juyi a baibai yakan kawo ruwa kaɗan-kaɗan, mutum ya yini yana neman toshewar da babu ita. Koyi haɗin tauraro da na dalta, wanda ake amfani da shi don rage wutar da babban moto ke zuƙa lokacin tashi zuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Ga misalin da ake cin karo da shi kullum. Moton injin casa ya ƙone. An kai wa mai naɗin koyil, ya naɗa, an biya, an dawo an ɗaura, bayan mako uku ya sake ƙonewa. Mai kamfani ya ce mai naɗi ne ya yi algus da waya. Wanda ya koyi aiki, kafin a yanke tsohon koyil ɗin, zai ce a buɗe ya gani. In duk koyil ɗin ya yi baƙi bai ɗaya, an fi ƙarfin moton ne, ko iska ba ta ratsa shi saboda ɓuntu ya toshe murfin fanka. In kuwa wani ɓangare ya ƙone ƙurmus, wani yana nan jawur kamar sabo, to layi ɗaya ne ya ɗauke moton ya ci gaba da juyi a kan biyu. Daga nan sai a koma akwatin wuta. Sau da yawa za a tarar fis ɗaya ya yanke, ko bakin kwantakta ɗaya ya cinye, ko kuma, wanda ya fi ɓata rai, wani ya gaji da na'urar da ke kashe moto in ya ɗau nauyi, ya murɗa ta har ƙarshe ko ya tsallake ta da guntun waya. Wannan na'ura ana saita ta ne daidai da amfiyar da ke rubuce a farantin moto. In tana yawan katsewa, magana take yi maka. Ɗauko mita mai baki ka auna kowane layi ka ji abin da take faɗa.

Injina masu aiki da matsin iska da na mai za su zo bayan wannan. Matsin iskar masana'anta yawanci yana tsakanin bar 6 da 7, kuma a kullum sai an zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa. Matsin mai ya ninka haka sau da yawa. Kada ka taɓa lalubar yoyon tiyon mai da hannu. Siririn mai da ke fita da ƙarfi yana huda fata ya shige cikin nama, ramin kamar na allura, amma yana iya kai mutum ga rasa yatsa in ba a garzaya asibiti nan take ba. Da guntun kwali ake neman yoyo.

Sababbin injina kuwa, irin na cika kwalba da na busa roba, ƙaramar kwamfuta ce da ake kira PLC ke ba su umarni, inbata kuma ke sarrafa gudun moto. Matashin da ya iya haɗa kwamfutarsa da PLC ta Siemens ya duba wane sensa ne bai ba da amsa ba, ya shiga sahun waɗanda ake aika wa mota ta ɗauko su. Amma kada ka yi gaggawar tsallakawa can. Galibin abin da ake ɗora wa kwamfutar laifi, in an bi diddigi, waya ce ta kwance ko ƙura ce ta rufe idon sensa.

Maganar tsaron rai ba ta da sassauci. Kafin ka sa hannu cikin inji, kashe wutarsa daga babban makunni, sa kwaɗonka na kanka, rataya takarda mai sunanka, jefa makullin a aljihunka. In kun kai uku kuna aikin, kwaɗo uku za a gani. In an kira salla, tafi da makullinka masallaci. A irin wannan lokacin ne wani da bai san ana aiki ba yake zuwa ya kunna. Bayan ka kulle, danna makunnin tashi ka tabbatar bai tashi ba, sa mita ka tabbatar babu wuta, sauke matsin iska da na mai. Inbata tana riƙe wuta na wasu mintoci bayan an kashe ta, jira iya lokacin da aka rubuta a jikinta. Tufafinmu masu yalwa ne, kuma shaf mai juyawa ba ya bambance hannun riga da tsumma. Doguwar riga, hirami, zobe, agogo, carbi a wuya, duk a bar su a akwati. Mata ma suna shiga wannan fanni, musamman ɓangaren lantarki da PLC, kuma babu abin da zai hana su. Sai dai a sa ɗan ƙaramin hijabi a cusa shi cikin rigar aiki. Takalmi mai bakin ƙarfe, tabarau wajen gurza, abin toshe kunne a ɗakin janareta. Za a matsa maka. Wani mai kula da aiki zai ce, "Malam, minti biyu ne fa, ba sai an kashe ba." Amsar ita ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, sai na kulle." Faɗe ta da ladabi, amma kada ka janye ta.

Zama da maigida ko da tsofaffin ma'aikata yana da nasa ladabi. Riga su zuwa. Goge kayan aiki ka mayar da kowane mazauninsa. Kada ka yi tambaya lokacin da hannunsa ke cikin inji kuma gumi na zuba, bari an tashi, ana wanke hannu, sannan ka ce, "Maigida, ɗazu na ga ka taɓa jikin moton kafin ka buɗe akwatin wuta, me ka ji?" Irin wannan tambaya tana buɗe bakin mutum, domin ta nuna ka lura. Tsofaffin nan suna kafa bakin sukundireba a gidan boris su sa kunne a mariƙinsa su faɗa maka saura kwana nawa ya mutu. Wannan ba ya cikin littafi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka koye shi a masaƙu sun manyanta. In ka sami ɗaya, riƙe shi da kyau.

Sayi ƙaramin littafi mai bango mai ƙarfi. Duk aikin da aka yi a gabanka rubuta: wane inji, wace alama ya nuna, me aka fara zargi, me aka tarar, lambar kayan da aka saka, amfiya nawa yake ja bayan gyara. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance kowane haɗin wuta, in kamfanin ya yarda da ɗaukar hoto. Da wannan littafin za ka gane cewa wani inji duk wata huɗu yake cin bel, ka canza shi ranar hutu tun bai tsinke ana tsakiyar aiki ba. Kamfanoni masu tsari da irin wannan jadawalin suke tafiya: abin da ake dubawa kullum, da na mako, da na wata, da na shekara lokacin da ake tsayar da komai.

Kayan aiki kuwa a tara su sannu a hankali. Fara da mita mai kyau, domin ranka ya dogara da ita, sannan baniya, sifanu, filaya, sukundireba masu rufin roba. Manyan kaya irin na auna lafiyar koyil da na cire boris kamfani ne ke tanadarsu.

Lokacin neman aiki, haɗa takardunka: shaidar makaranta ko ta gwajin sana'a, wasiƙar maigida ko ta kamfanin da ka yi sanin makamar aiki, da wannan littafin naka. Wanda ya cancanta zai iya yin rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, wadda ke da rukunin masu sana'ar hannu da na masu difloma. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi ya sama maka gurbi a babban kamfani, rabu da shi. Kada ka raina ƙaramar ma'aikata a farko. A gidan ruwan leda mai inji huɗu kai ne na famfo, kai ne na janareta, kai ne na akwatin wuta, kuma a shekara biyu za ka taɓa abin da wani a babban kamfani bai taɓa ba a shekara biyar. A gwajin ɗaukar aiki sukan ajiye maka moto da kwantakta da 'yan wayoyi su ce ka haɗa ya tashi ya tsaya, ko su miƙa maka shaf da baniya su ce ka faɗi lambar boris ɗin da zai shiga. Yi ta gwada waɗannan biyun a shago har ka iya su ba tare da duba takarda ba, kuma ranar gwajin, kafin ka taɓa waya ko ɗaya, tambayi inda babban makunni yake ka kashe shi a gabansu.